Gina manhajar waya: 'yar gida ko ta yanar gizo? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya ƙuduri aniyar haɗa manhajar wayar hannu, tun kafin ya rubuta layi ɗaya na kod zai tsinci kansa a mararraba: ko dai ya gina ta da kayan aikin da masu tsarin wayar suka tanada, ko kuma ya gina ta da fasahar da ake gina shafukan intanet da ita. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo, da masu kamfanoni, da masu ba da kwangilar irin wannan aiki suka fi yawan yi.

Me ake nufi da manhaja 'yar gida, kuma me ake nufi da manhajar yanar gizo?

Manhaja 'yar gida ita ce wadda aka rubuta domin tsarin waya guda ɗaya, da harshen kwamfuta da kayan aikin da mai tsarin ya amince da su. A wayoyin iPhone ana rubuta ta da Swift, harshen da Apple ya fitar a 2014 domin ya gaji Objective-C, kuma ana haɗa ta a cikin Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji, wadda ba ta aiki sai a kwamfutar Mac. A wayoyin Android kuwa an daɗe ana amfani da Java, har Google ya karɓi Kotlin a hukumance a 2017, sannan a 2019 ya ce shi ne harshen da ya fi so a yi amfani da shi. Irin wannan manhaja ana sauke ta ne daga kantin manhajoji, ta zauna a cikin waya, ta yi magana da tsarin wayar kai tsaye ba tare da tafinta ba.

Manhajar yanar gizo kuma ana gina ta da HTML da CSS da JavaScript, wato kayan da ake gina kowane shafin intanet da su, kuma burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ita ce ke tafiyar da ita. Mai amfani ba ya bukatar zuwa kanti, adireshi kawai zai latsa. Rubutu ɗaya ne ke aiki a iPhone da Android da kwamfuta, amma duk abin da manhajar ke so daga waya, kyamara ce ko wurin da mutum yake ko ma'ajiya, sai ta roƙi burauza, kuma abin da burauzar ba ta yarda da shi ba, manhajar ba za ta same shi ba.

Hanyoyin biyu ne kawai?

A'a, akwai tsaka-tsaki, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin abubuwa uku mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne manhaja ruwa biyu. Ana rubuta ta da kayan yanar gizo, sai a naɗe ta a cikin ƙwanso ɗan gida wanda ke ɗauke da wata burauza marar ƙofa da taga da ake kira WebView. Daga waje manhaja ce kamar kowace, tana da tambari, tana cikin kanti, amma cikinta shafin intanet ne. PhoneGap ne ya yi fice da wannan hanya. Adobe ya sayi kamfanin Nitobi da ya ƙirƙire shi a 2011, aka miƙa kod ɗin ga gidauniyar Apache inda ya koma Cordova, sannan Adobe ya daina kula da PhoneGap a 2020. A yau masu bin wannan hanya sun fi karkata ga Capacitor na kamfanin Ionic.

Na biyu shi ne React Native, wanda Facebook ya saki a 2015. Da JavaScript ake rubutu, amma maɓallai da jerin abubuwa da akwatunan rubutun da ke bayyana a allo na ainihin wayar ne, babu WebView a ciki. Na uku shi ne Flutter na Google, wanda sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a watan Disamba na 2018. Shi da harshen Dart ake rubuta shi, kuma ba ya aron maɓallan kowa, da injinsa yake zana komai a allo, shi ya sa manhajarsa ke fitowa kusan iri ɗaya a kowace waya. Saboda haka wanda ya ce React Native ko Flutter manhajar yanar gizo ce bai yi daidai ba. Abin da ya haɗa su da yanar gizo shi ne burin a yi rubutu sau ɗaya ya wadatar da wayoyi iri biyu.

Tun yaushe ake wannan muhawara?

Tun ranar da aka haifi wayar zamani. Abin mamaki shi ne Apple, wanda a yau ake ganin shi ne babban mai kare kantin manhajoji, da yanar gizo ya fara. Lokacin da iPhone ta fito a 2007 babu kanti, kuma Steve Jobs ya gaya wa masu haɗa manhaja cewa su rubuta abin da suke so ya yi aiki a cikin Safari, burauzar iPhone. Ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan. A watan Maris na 2008 kamfanin ya saki kayan gina manhaja 'yar gida, a watan Yuli kuma ya buɗe App Store da manhajoji kimanin 500. Kantin Android Market, wanda ya koma Google Play a 2012, ya biyo baya a watan Oktoba na 2008.

Daga nan aka shiga ja-in-ja. A 2011 jaridar Financial Times ta ƙi amincewa da sharuɗɗan Apple na karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin masu biyan rajista da kuma riƙe bayanansu, ta gina manhajar yanar gizo, manhajarta ta fice daga kantin, kuma ba ta koma ba sai a 2017. A shekarar 2012 kuma sai ga labari ya juya: Facebook, wanda ya gina manhajarsa a kan HTML5, wato fasahar yanar gizo ta lokacin, ya sake rubuta ta iPhone a matsayin 'yar gida saboda koke-koken nauyi da jinkiri, kuma a watan Satumba Mark Zuckerberg ya faɗa a bainar jama'a cewa dogaro da HTML5 fiye da kima shi ne babban kuskuren da kamfanin ya yi. Har gobe ana kafa hujja da wannan magana, sai dai masu kafa hujjar kan manta cewa wayoyin 2012 da burauzocinsu ba su kama ƙafar na yanzu ba. A wancan lokaci WebView na iPhone ba shi da injin JavaScript mai saurin da Safari ke da shi, sai a 2014 da aka kawo WKWebView aka gyara wannan. An kuma yi yunƙurin gina tsarin waya gaba ɗaya a kan fasahar yanar gizo, kamar webOS na Palm a 2009 da Firefox OS na Mozilla a 2013, dukansu ba su yi ƙarko a kasuwar waya ba.

Gaskiya ne 'yar gida ta fi sauri?

Gaskiya ne, amma ya kamata a san inda saurin yake, domin ba ko'ina yake da tasiri ba. Allon yawancin wayoyi yana sabunta hoto sau 60 a cikin sakan ɗaya, wanda ke nufin manhaja tana da kimanin milisakan 16 ta gama lissafinta ta zana hoto na gaba. A wayoyin da ke sabuntawa sau 120, lokacin ya ragu zuwa kimanin milisakan 8. Idan ta makara, ido zai ga tsaiko, yatsa kuma zai ji kamar allon yana jan ƙafa. Manhaja 'yar gida an riga an juya kod ɗinta zuwa abin da na'ura ke fahimta, tana iya rarraba aiki ga sassan ƙwaƙwalwar waya cikin sauƙi, kuma tana isa ga na'urar zane kai tsaye. Ta yanar gizo kuwa sai burauza ta karanta JavaScript, ta lissafa inda kowane abu zai zauna a shafi, sannan ta zana, kuma mafi yawan wannan aiki a layi ɗaya yake tafiya, ta yadda lissafi mai nauyi guda ɗaya zai iya tsayar da komai.

Bambancin yana fitowa fili a wasanni masu zane mai nauyi, da gyaran bidiyo, da taswira mai motsi, da dogon jeri mai cike da hotuna wanda ake ja da yatsa ba tsayawa. Ya fi fitowa kuma a waya mai araha mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma wannan shi ne abin da masu haɗa manhaja ke yawan mantawa, saboda su a waya mai tsada suke gwaji. Amma manhajar da aikinta shi ne nuna labari, ko cike fom, ko duba jerin kaya, jinkirinta ya fi zuwa daga jiran amsar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan a intanet, kuma wannan jira ɗaya ne ko da wane harshe aka rubuta ta. Sau da yawa manhajar yanar gizo da aka gina da kula ta fi 'yar gidan da aka gina da ganganci sauri. Zuwan WebAssembly, wata hanyar tafiyar da kod da sauri a burauza, cikin manyan burauzoci a 2017 ya ƙara rage tazarar a fannin lissafi mai nauyi.

Waɗanne sassan waya ne manhajar yanar gizo ba ta iya taɓawa?

Wannan tambaya ta fi ta sauri muhimmanci, domin jinkiri ana iya rage shi da ƙwarewa, amma ƙofar da burauza ta rufe babu ƙwarewar da za ta buɗe ta. A yau manhajar yanar gizo tana iya amfani da kyamara, da makirufo, da wurin da mutum yake, da tantance mutum ta zanen yatsa ko fuska domin shiga asusu, a Android da iPhone duka. Inda ake samun cikas shi ne aikin da ke ci gaba bayan an rufe manhaja. Burauza ba ta barin shafi ya riƙa bin sawun tafiyar mutum alhali allon yana kashe, don haka manhajar direbobi, ko ta ƙirga tafiyar mai motsa jiki, ba za ta yiwu ta wannan hanya ba. Haka nan ƙananan akwatunan bayani da ake ɗorawa a fuskar waya, da haɗuwa da agogon hannu, da karanta bayanan lafiya da wayar ke tarawa, duk na 'yan gida ne.

Akwai kuma abubuwan da ke aiki a wani ɓangare kawai. Chrome a Android yana barin shafi ya yi magana da na'ura ta Bluetooth, ya kuma karanta ƙananan tambarin NFC, waɗanda ake karantawa ta hanyar kusanto da waya gare su, amma Safari bai yarda da ko ɗaya ba, kuma Apple yana kafa hujja da sirri da tsaro. Wanda manhajarsa ta dogara da irin waɗannan, kuma yana son masu iPhone, an riga an yanke masa hukunci.

Tana aiki idan babu intanet?

Tana yi, idan an gina ta domin haka. A 2015 Alex Russell, injiniya a Google a lokacin, da mai zane Frances Berriman suka raɗa wa irin wannan manhaja suna Progressive Web App, wanda aka taƙaita zuwa PWA. Abubuwa uku ne ginshiƙanta. Akwai ɗan ƙaramin shiri da ke zama tsakanin manhaja da intanet kamar ɗan aike, yana ajiye kwafin shafuka da hotuna a waya, idan babu layi ya miƙo abin da ya ajiye. Akwai fayil ɗin da ke gaya wa waya sunan manhajar da tambarinta da launinta, domin a ɗora ta a fuskar waya ta buɗe a cikakken allo. Sai kuma sharaɗin cewa dole shafin ya bi ta HTTPS, wato amintacciyar hanyar da ke ɓoye bayanan da ke kai-komo. Twitter Lite, da aka saki a watan Afrilu na 2017, ta zama misalin da aka fi ambato, domin girmanta bai kai megabait ɗaya ba.

Sai dai ajiyar burauza aro ce. Idan wuri ya yi wa waya ƙaranci, burauza tana da ikon share abin da shafi ya ajiye, kuma tun 2020 Safari yana share ajiyar shafin da aka yi kwana bakwai ana amfani da burauzar ba a taɓa shi ba, ko da yake manhajar da aka ɗora a fuskar waya tana da nata lissafin daban. Wanda zai gina manhajar da ma'aikata za su yi makonni suna shigar da bayanai a inda babu layi, ya fi masa kwanciyar hankali ya ajiye bayanan a ma'ajiyar 'yar gida.

Me ya sa sunan Apple ke yawan fitowa a wannan magana?

Saboda a iPhone, a yawancin ƙasashe ƙa'idar App Store ta wajabta wa kowace burauza amfani da injin WebKit na Apple. Chrome ko Firefox da mutum ya sauke a iPhone riga ce kawai aka sauya, injin da ke ciki na Safari ne. Ma'anar wannan ita ce duk abin da Apple bai saka a WebKit ba, babu manhajar yanar gizon da za ta same shi a iPhone. Ɗan aiken nan mai ajiye shafuka bai iso iPhone ba sai a 2018. Tura sanarwa, wadda Chrome ya kawo wa Android tun 2015, ba ta iso ba sai a watan Maris na 2023 da fitowar iOS 16.4, wata sigar tsarin iPhone, kuma ko a nan sai mutum ya fara ɗora manhajar a fuskar wayarsa da hannunsa, ta cikin jerin zaɓuɓɓukan da mutane da yawa ba su san da su ba.

Masu suka suna cewa kamfanin da ke samun kuɗi mai yawa daga kantinsa ba shi da dalilin hanzarta ƙarfafa abin da zai sa a kauce wa kantin. Apple kuma yana cewa inji ɗaya ya fi sauƙin tsarewa. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ya faru a 2024 ya ƙara wa masu suka ƙarfi. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple ya ƙyale wasu injinan burauza su yi aiki a iPhone a ƙasashen tarayyar, sai kamfanin ya sanar a watan Fabrairu cewa zai cire manhajojin yanar gizo na fuskar waya a can. Da hayaniya ta yi yawa, ya janye a farkon Maris.

Wacce ta fi cin kuɗi?

'Yar gida, kusan a kullum, idan ana son iPhone da Android duka, domin manhaja biyu ce ake ginawa, da harshe biyu, sau da yawa da ƙungiyar ma'aikata biyu, kuma kowane sabon abu sai an yi shi sau biyu an gwada shi sau biyu. Yawancin kamfanoni ma suna bukatar shafin intanet a gefe, aiki ya zama uku ke nan. Kuɗin rajistar mai haɗa manhaja a kanti ba shi ne abin damuwa ba: Apple yana karɓar dala 99 a shekara, Google kuma dala 25 sau ɗaya.

Babban lissafi yana wajen kamasho. Abin da aka sayar a cikin manhaja na dijital, kamar rajistar wata-wata ko kayan wasa, kantunan biyu sun daɗe suna ɗaukar kashi 30 cikin ɗari a kansa. Tun 2021 sun rage zuwa kashi 15 ga ƙananan masu sana'a, da ma'aunin dala miliyan ɗaya a shekara. Kayan da ake riƙewa da hannu da hidimar da ake yi a zahiri, kamar sufuri, ba a ɗaukar wannan kamasho a kansu, don haka mai sayar da takalma ba shi da wannan damuwa, mai sayar da darussan bidiyo kuwa yana da ita. A yanar gizo babu mai ɗaukar komai sai kamfanin da ke karɓar kuɗin da kati. Kan wannan kamasho ne Epic Games ya shiga shari'a da Apple da Google bayan an cire wasan Fortnite daga kantunansu a watan Agusta na 2020, kuma tun daga nan sharuɗɗan suke ta sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, ta yadda wajibi ne mutum ya karanta na lokacin da zai fara aiki.

Idan an gano kuskure bayan an saki manhaja fa?

A nan yanar gizo ta yi zarra. Ana gyara kod a sabar, duk wanda ya sake buɗe manhajar ya sami sabuwar siga, kuma idan gyaran ya ɓata wani abu ana iya komawa baya cikin mintoci. 'Yar gida kuwa sai an miƙa sabuwar siga ga kanti an jira bita, wadda galibi kwana ɗaya ko biyu ce amma takan fi haka idan aka ƙi amincewa. Bayan an amince ma, sai masu amfani sun sabunta, kuma akwai waɗanda za su yi shekara da tsohuwar siga. Wannan yana tilasta wa sabar ta ci gaba da fahimtar tsofaffin sigogi, wahalar da ba a ganinta a ranar farko. Ga kuma hidimar shekara-shekara, domin Google Play yana ɗaga mafi ƙarancin sigar Android da manhaja za ta dace da ita a kowace shekara, Apple ma yana bukatar a riƙa gini da sabon Xcode. Manhajar da aka gama aka manta da ita ba ta daɗewa a kanti cikin ƙoshin lafiya.

Zan iya naɗe shafina a ƙwanso in kai shi kanti?

A Google Play ana iya yi, har akwai hanyar da Google ya tanada domin PWA. Apple kuwa yana da ƙa'ida, ta 4.2 a cikin sharuɗɗan bitarsa, wadda ke cewa manhaja ta wuce shafin intanet da aka sake wa kwali, kuma yana ƙin waɗanda ba su ƙara komai ba.

Wacce ta fi tsaro?

Kowace tana da katangarta. Burauza tana killace kowane shafi ta yadda ba zai leƙa bayanan wani ba, kuma shafi ba ya samun komai daga waya sai da izini, shi ya sa buɗe adireshin da ba a sani ba ya fi sauke manhajar da ba a sani ba ƙarancin haɗari. Raunin yanar gizo yana wajen shafukan bogi masu kama da na gaskiya, da kuma cusa muguwar JavaScript ta wata kafa da aka bari a buɗe. 'Yar gida tana da ma'ajiyar sirri da wayar ke tsarewa, Keychain a iPhone da Keystore a Android, tana kuma iya bincikar ko an yi wa wayar kutse, dalilin da ya sa bankuna suka fi son ta. Sai dai ikon da take da shi ya fi yawa, don haka ɓarnarta ta fi girma idan mai ita ba amintacce ba ne, kuma bitar kanti tana rage mugayen manhajoji ne kawai, ba ta kawar da su. Abu ɗaya da ya shafi duka biyun shi ne kada a ɓoye mabuɗin sirri a cikin kod ɗin da ke zuwa wayar mutane, domin ana iya tone shi ko da wace hanya aka bi.

Ta wace hanya aka fi samun masu amfani?

Samun mutum karo na farko ya fi sauƙi a yanar gizo: injin bincike yana ganin shafi, ana tura adireshi a saƙo, mutum ya latsa ya shiga nan take. Kafin a yi amfani da 'yar gida sai an je kanti, an nemo ta, an jira ta sauka, wani lokaci ma an share wani abu domin a samar mata wuri, kuma a kowane mataki ana rasa mutane. Riƙe mutum kuwa ya fi sauƙi ga 'yar gida, saboda tambarinta yana gabansa kullum kuma sanarwarta tana isa gare shi ba tare da wata dabara ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce sau nawa mutum zai dawo. Abin da ake bukata sau ɗaya a shekara, kamar sabunta wata takarda, ba wanda zai so ya sauke manhaja dominsa. Abin da ake buɗewa sau goma a rana ya cancanci wuri a fuskar waya.

Idan React Native da Flutter suna ba da rubutu ɗaya da saurin 'yar gida, ai magana ta ƙare?

Da haka ne da kowa ya koma can. Airbnb ya rungumi React Native a 2016, sannan a 2018 ya sanar da cewa zai bar shi, kuma daga cikin dalilan da injiniyoyinsa suka bayar akwai cewa sun ƙare suna kula da dandali uku maimakon biyu, domin an cusa shi ne cikin manyan manhajoji 'yan gida da suka riga suka kafu. Shopify kuma a 2020 ya sanar da cewa React Native ne makomar manhajojinsa, ya kuma shafe shekaru a kan haka. Kamfanoni biyu, kayan aiki ɗaya, sakamako daban, saboda yanayinsu da lokacinsu sun bambanta.

Abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba shi ne waɗannan kayan ba su 'yantar da shi daga sanin iPhone da Android. Ranar da ya bukaci abin da ba a riga an yi masa gada ba, ko wata matsala ta ɓullo a waya iri ɗaya kawai, dole wani ya sauka cikin Swift ko Kotlin. Idan Apple ko Google ya fitar da sabon abu, sai an jira a kawo shi. Akwai kuma haɗarin mai kayan ya sauya ra'ayi, kamar yadda Microsoft, wanda ya sayi Xamarin a 2016, ya daina tallafa masa a watan Mayu na 2024 ya ce a koma .NET MAUI. Wasu sun zaɓi wata hanyar daban, Kotlin Multiplatform na JetBrains, inda ake raba kod ɗin lissafi da na bayanai tsakanin wayoyin biyu, amma a bar kowace ta zana fuskarta da kayanta.

To, wacce zan zaɓa?

Ka fara da rubuta abin da manhajar za ta taɓa a jikin waya. Idan a ciki akwai aiki a bayan fage, ko Bluetooth a iPhone, ko zane mai nauyi, ko agogon hannu, yanar gizo zalla ta fita daga lissafi, saura ka zaɓa tsakanin 'yar gida da React Native ko Flutter gwargwadon yawan ma'aikatanka da abin da suka riga suka iya. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba ka tabbatar mutane suna son abin ba tukuna, ra'ayina shi ne ka fara da yanar gizo, domin ita ce mafi arha wajen gwaji, kuma sabar da rumbun bayanan da ka gina mata su ne za su ciyar da 'yar gida idan lokacinta ya yi. Ba dole ba ne ma zaɓin ya shafi manhajar gaba ɗaya. Manyan manhajoji da yawa suna gina fuskokin da aka fi amfani da su a matsayin 'yan gida, su bar shafukan taimako da sharuɗɗa da tallace-tallace masu yawan sauyawa a cikin WebView.

Mai koyo da wacce zai fara?

Wanda bai taɓa rubuta kod ba zai fi saurin ganin sakamako da HTML da CSS da JavaScript, domin burauza da abin rubutu kawai yake bukata, kuma daga nan hanya a buɗe take zuwa React Native ko Capacitor. Wanda ya riga ya san cewa aikin waya yake so ya ƙware a kai, ya ɗauki tsari ɗaya ya nutsa a ciki: Kotlin da Jetpack Compose a Android Studio, wanda ke aiki a Windows da Linux da Mac, ko Swift da SwiftUI idan yana da Mac (Compose da SwiftUI su ne kayan zana fuskar manhaja a tsarukan biyu). Salon gina fuska a Compose da SwiftUI da React Native da Flutter ya yi kama sosai, ana bayyana yadda allo zai kasance gwargwadon bayanan da ke hannu, tsarin kuma ya sake zanawa idan bayanan suka sauya, don haka wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuya a na biyu ba. Idan zai kai manhajarsa ta farko Google Play da sabon asusu na ƙashin kansa, ya shirya mutanen da za su gwada masa ita tun da wuri, domin tun ƙarshen 2023 kantin yana bukatar a yi gwajin kwana 14 da wasu adadin mutane kafin a ba shi damar sakin ta ga kowa.